Alƙalamin Micron da fentin ruwa, bayan shekara biyu a hannuna

Zanen wani zaure ne ya tura ni neman alƙalamin da ruwa ba ya cin tawadarsa. Na yini a bakin wani tsohon gida cikin birnin Zariya, ina fitar da zankwaye da adon da magina suka yi a saman ƙofa, da wani baƙin alƙalami da na tsinta a shagon kayan makaranta. Layuka sun fito tsaf. Ina komawa gida na jiƙa burushi da launin jar ƙasa na shafa wa bangon, kafin ka ce kwabo tawada ta tashi ta bi ruwa, bango ya koma kamar an watsa masa ruwan toka. Wahalar yini guda ta tafi.

Laifina ne, ban tambayi irin tawadar ba. Wanda ya yi makarantar allo bai kamata a faɗa masa wannan ba. Tawadarmu ta baƙin tukunya da ƙaro ana ɗauraye allo take fita, domin ƙaro yana narkewa a ruwa. Abin da ya ba ni dariya daga baya, fentin ruwan kansa da ƙaro ake haɗa shi, shi ke riƙe garin launi a jikin takarda. Alƙaluman kanti kuwa da yawansu tawadar rini ce, launin a narke yake tun asali, shi ya sa da ya sake ganin ruwa sai ya tashi. Abin da mai fenti yake so ita ce tawada mai ƙananan ƙwayoyin launi da ba sa narkewa, idan ta bushe ta kama takarda ta zauna.

Irin wannan tawadar ce a cikin Pigma Micron, na kamfanin Sakura da ke Osaka a Japan, wanda ya fito da ita a 1982. Na sayi guda biyar: 005, 01, 03, 05 da 08. Kada lambobin su ruɗe ka, ba milimita ba ne. Layin 005 faɗinsa milimita 0.20 ne, 01 yana ba da 0.25, 03 na da 0.35, 05 na da 0.45, shi kuma 08 rabin milimita. Wato tsakanin 05 da 08 ba wani bambancin kirki, da na sani da ɗaya kawai na ɗauka.

A batun ruwa dai ba ni da ta cewa sai yabo. Nakan ja layi, in ba shi ɗan lokaci, in kwarara masa ruwa hawa biyu ko uku, yana nan inda na bar shi. Amma a lura da wannan ɗan lokacin. Takardar fentin ruwa ana yi mata wani shafi da ke hana ta shan ruwa da sauri, don haka tawada takan daɗe a sama kafin ta kama. Da hunturu minti ɗaya ma ya isa. Da damina kuwa, musamman watan Agusta, sai in tashi in dafa shayi in dawo. Haka ma goge fensir: a bari tawada ta bushe sarai, kuma a goge a hankali, don roba tana ɗan rage baƙin layi.

Da 03 nake yawancin aikina, 05 kuma na inuwar ƙofa da gindin bango. Shi 005 bakinsa kamar allura, kyansa a takarda mai santsi. Ni kuma na fi son mai kaushi, mai kaurin da ake kira giram 300, saboda yadda take riƙe launi. Kaushin nan yana cin bakin alƙalami kamar yadda dutse ke cin wuƙa. Ga shi hannuna ya saba da danna biro tun firamare. Ban yi wata biyu ba na lanƙwashe bakin 005 da kaina. Alƙalamin nan ba ya son ƙarfi, ka bar shi ya taɓa takarda kawai, kuma ka riƙe shi kusan a tsaye.

Wani kuskuren da na yi shi ne ja masa layi a kan fenti mai danshi. Bakin ya kwashi launi da ƙaro ya toshe, ya koma fitar da layi tsinke-tsinke. Idan haka ta faru, a yi ta jan layuka a busasshiyar takarda, wani lokaci yakan buɗe. Yanzu sai na taɓa takarda da bayan hannu, in na ji sanyi to ba ta bushe ba, sai in jira.

Kula da shi ba wuya. A rufe murfi har sai an ji ya ce ƙas, ko da tsayawar amsa sallama za a yi, balle lokacin iskar hunturu. Ina ajiye nawa a kwance cikin wani gwangwanin alewa, kuma ba na barin su a mota ko bakin taga. Wani abokina da ke koyar da zane, mutum ne mai mantuwa, ya fi son Pigment Liner na Staedtler, kamfanin Jamus, domin kamfanin ya ce yana jure awoyi da yawa babu murfi. Nasu lambobin kuma milimita ne kai tsaye. Na ara na gwada, shi ma ruwa bai motsa shi ba.

Abin da ba na so a alƙaluman nan biyu, Micron da Pigment Liner, shi ne ba a ƙara musu tawada. Ta ƙare, sai shara, ga kaya sai tsada suke. Wannan ya sa na haɗa da alƙalamin da ake ɗura wa tawada, ina zuba masa Carbon Black ta kamfanin Platinum. Kwalba ɗaya tana daɗewa ƙwarai. Sai dai shi kamar akuya yake, yana son kiwo: a riƙa rubutu da shi kullum, a wanke shi da ruwa duk mako biyu, in ba haka ba ƙwayoyin baƙin su daskare a ciki. Kuma kada a kuskura a ɗura masa tawadar Indiya, tana da wani danƙo da ke toshe shi, wannan ta alƙalamin tsomawa ce.

Jabu ya yi yawa a kasuwa, murfi da rubutu duk iri ɗaya. Shi ya sa nake yawo da guntuwar takardar fenti a aljihu. Wani mai shago ya taɓa ce mini, "Malam, wannan ai na asali ne, ko a kogi ka jefa." Na ce, "Alhaji, ba ni minti biyu." Na ja layi, muka gaisa muka tambayi iyali, sannan na ɗiga ruwan leda na murza da yatsa. Yatsan ya fito baƙi ƙirin. Ya duba, ya yi dariya, ya shiga ciki ya ɗauko wani kwalin. Na wancan kwalin ne 03 ɗin da nake aiki da shi har yau, kuma da shi na sake zana zauren.