Mayar da Land Cruiser zuwa ƙaramar tifa: yadda aikin ya kasance bayan damina guda

Motar da na kai aka yi wa wannan aiki Toyota Land Cruiser ce samfurin 79, akori-kura mai fowil, wato mai ja da tayoyi huɗu, wadda ke ɗauke da injin dizal na 1HZ mai silinda shida da lita 4.2. Na daɗe ina jigilar takin gida da ita zuwa gonata da ke yankin Kadawa, inda babbar tifa ba ta iya shiga da zarar ruwa ya sauka, domin hanyar takan koma laka. Lodi bai taɓa damuna ba, saukewa ce ke cinye mini lokaci da kuɗin lebura, shi ya sa na miƙa motar ga wani garejin walda a cikin Kano domin a mayar da bodinta mai ɗagawa.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne yadda maigidan garejin ya ƙi taɓa shasin motar, wato ƙarfen gindi da ke ɗauke da inji da bodi, da wutar walda. Bayan sun cire bodin asali, sai suka ƙera wani ƙaramin shasi da ƙarfen da muka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa, suka ɗora shi a kan na motar, suka ɗaure da bol da noti a ramukan da kamfani ya riga ya huda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin zafin walda yana raunana shasi, kuma wurin da aka ƙona shi ne yake fara tsagewa idan mota ta sha gargada da kaya a kanta. A ƙarshen ƙaramin shasin suka sa hinji biyu masu kauri da wurin zuba giris, a tsakiya kuma jak ɗin haidurolik, sannan famfo mai aiki da batirin motar na bolt 12 tare da ɗan tankin mansa. Shawararsa ce a sa famfon lantarki maimakon wanda ke karɓar ƙarfi daga giya, saboda ya fi araha kuma ba sai an buɗe akwatin giya ba, kuma har yau ban yi nadamar bin ta ba.

A wajen juye kaya, aikin ya yi abin da aka yi shi dominsa. Bodin yana tashi ba tare da karkata ba har ya kai kusan digiri 45, busasshen taki da tsakuwa suna zubewa gaba ɗaya cikin ƙasa da minti guda, aikin da a da yakan ɗauki mutum biyu da shebur kusan rabin sa'a. Jiƙaƙƙen taki ne kawai yake maƙalewa a kusurwar gaba, sai an ɗan taimaka masa.

Sai dai akwai maganar da ba a faɗa mini a gareji ba, wadda kuma ita ce ya kamata a fara da ita, wato nauyi. Irin wannan mota an yi ta ne ta ɗauki kaya kimanin tan ɗaya, kuma duk ƙarfen da aka ƙara mata, daga sabon bodi zuwa jak da famfo da ƙaramin shasi, daga cikin wannan tan ɗayan ake cire shi. Masu waldar sun yi amfani da farantin ƙarfe mai kauri irin na manyan tifofi, suna ganin ƙarko suke ba ni, alhali kuwa motar ta fito daga gareji bayanta ya riga ya ɗan sauka tun ba a ɗora mata komai ba. Ga taki wannan bai zama matsala ba, tunda ba shi da nauyi sosai. Yashi kuwa wani abu ne daban, domin busasshen yashi mai cika ma'aunin mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi yakan kai tan ɗaya da rabi, jiƙaƙƙe ya fi haka, bodin kuma yana cin fiye da wannan. Ranar da yarana suka cika shi da yashin rafi har baki, jak ya ɗaga kayan ba gardama, amma sifirin baya ya miƙe sarai, sitiyari ya yi sakayau, burki kuma ya ƙara nisa kafin ya tsayar da motar. Tun daga ranar na sa aka ja layi da jan fenti a cikin bodin, wanda yashi da marmara ba sa wuce shi.

Sauran kura-kuran ƙanana ne, amma sun nuna gaggawa. Wayar da suka ja daga batir zuwa famfo siririya ce har tana ɗaukar zafi, kuma babu fiyus a kanta, sai da na kai wa mai gyaran waya ya sake ta. Famfon yana jan wuta sosai, don haka ba na juye kaya sai injin yana aiki. Ba su sa sandar tokare bodi ba sai da na nace, duk da cewa tiyon mai yana iya fashewa a lokacin da mutum ya sunkuya a ƙarƙashi yana zuba giris. An yi mini alkawarin mako uku, aikin ya ci biyar, fentin ƙasan bodin kuma ya fara tsatsa kafin ƙarshen damina.

Zan iya tura manomi ko mai ƙaramin gini a lungun da babbar mota ba ta shiga zuwa irin wannan gareji, da sharaɗin ya tsaya a kan a yi bodin da ƙarfe marar nauyi, a auna motar a sikeli kafin aiki da bayansa, sannan ya je wurin jami'an duba motoci a daidaita takardunta da sabon fasalinta. Haka kuma kada a ɗaga bodin sai a wuri mai shimfiɗe, domin motar tana da tsayi daga ƙasa kuma ba ta da faɗi, idan kaya suka yi sama a gefen kwari tana iya kifewa. Wanda kuwa sana'arsa sayar da yashi ce, kuɗin wannan juyi gara ya tara su ya sayi tifa ta asali.