Gargaɗi ga masu tayar da tsofaffin lori: kada ku tura arbun a kan hoton Sifinja

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na 'yan'uwanmu ne da ke Gadarif, Kassala, Sinnar, Mai Wurno da Madani, musamman masu sha'awar tayar da tsofaffin lori, da kuma mutanenmu mazauna Saudiyya da ke turo kuɗi gida a saya musu. Akwai wani mutum, ko in ce wasu mutane, tunda muryar da ke ɗaukar wayar takan canza, da ke tallar tsofaffin Bedford da kayan gyaransu a Facebook da zaurukan WhatsApp. Da zarar arbun, wato kafin alƙalami, ya shiga hannunsu, shi ke nan. Ba zan kama suna ba, domin sunan da hoton da ke kan shafin wataƙila na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma kullum cikin sauya su suke. Salon nasu dai ɗaya ne, shi zan bayyana.

Sun san inda ke yi mana ƙaiƙayi. Wanda ya tashi a ƙasar nan ta Sudan ya san matsayin Sifinja, wato lorin Bedford TJ da aka sake wa fasali a nan. Tun 1958 aka fara ƙera Bedford TJ a Ingila, amma a hannun ustoci, wato gwanayen makanikai, na Shandi da Ubayyid da Umdurman ta zama motar da muka sani: suka ƙarfafa shasi, suka ƙara ganyen sifirin, suka ɗora mata bodin ƙarfe, har ta riƙa ɗaukar kayan da masu ƙera ta ba su taɓa tsammani ba, tana ratsa yashi da laka. Ita ta yi jigilar riɗi da dawar Gadarif, ita ta kai iyayenmu kasuwannin ƙauye. Da yawanmu 'ya'yan direbobi ne ko na yaran mota. Idan irin wannan mutum ya ga hoton Sifinja tsaye a ƙarƙashin rumfa, ƙura ta rufe ta amma bodinta lafiya, tunanin mahaifinsa ne ke fara zuwa masa kafin lissafin kuɗi. Da wannan ƙaunar suke farautarmu, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Labarin da suke bayarwa yana da daɗin ji. Wai motar ta wani dattijo ce da ya rasu, magada sun yi gudun hijira zuwa Masar bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, suna cikin matsi, suna son a rabu da ita da wuri. Farashin kuwa ƙasa da abin da kowane dillali zai faɗa maka. In ka ce za ka zo ka gani, sai a ce hanya ba ta da kyau, ko motar tana cikin sito a kulle, mai makulli ya yi tafiya. A halin da ƙasa take ciki, wa zai ƙaryata wannan uzuri? Sai a bi ka da muryar girmamawa: "Haba Alhaji, ai ni kamar ɗanka ne. Akwai wani ɗan kasuwa daga Kassala da ya matsa, amma na fi son ta faɗa hannun wanda ya san darajarta. Ka sa ɗan arbun in riƙe maka." Har hoton katin shaida zai turo maka, da hoton shahadar bahas, wato takardar mallakar motar, don ka saki jiki.

Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Jidda ya tura kusan sulusin kuɗin ta waya. Washegari aka ce ana buƙatar kuɗin gas da na motar da za ta jawo ta, ya ƙara. Aka sake cewa an tsare ta a shingen bincike, sai an biya. Da ya ce ba zai ƙara sisi ba sai ƙanensa ya ga motar da idonsa, layin ya mutu. Daga baya ne wani usta ya kalli hotunan ya gane motar: tana nan a hannun mai ita, a wani gari daban, bai taɓa sa ta a kasuwa ba. Asusun da kuɗin ya shiga ma sunan da ke kansa daban ne da na katin shaidar. Ku riƙe wannan da kyau: duk mai sayarwar da ya ce ka tura kuɗi asusun "matata" ko "yarona", ka tsaya nan.

Sai batun inji, inda suke kama waɗanda suka riga suka mallaki mota suna neman kayan gyara. Suna tallar wai sabon injin dizal 330 na asali, a cikin akwatinsa, ya sauka Fot Sudan kai tsaye daga kamfani, har da rasit mai kwanan watan bana. Jama'a, kamfanin Bedford ya daina ƙera manyan motoci tun wajen 1986. A 1987 aka sayar da masana'antarsa da ke Dunstable a Ingila ga wani kamfani mai suna AWD, shi ma AWD ɗin ya durƙushe a 1992. To wane kamfani ne ya rubuta rasit ɗin? Gaskiya ne akan samu ragowar tsofaffin kaya da ba a taɓa ɗaurawa ba a wasu shaguna, akwai kuma kayan da wasu ƙasashe ke ƙerawa su dace da motar, kuma ba laifi ba ne a saye su in an faɗa maka gaskiyar abin da suke. Amma abin da waɗannan mutane ke aikowa, in ma sun aiko, gajiyayyen inji ne da aka wanke da gas aka fesa wa fenti. Na ga ɗaya da ido a garejin wani usta a unguwar masana'antu ta nan Gadarif. Fentin ya hau kan notuna, ya hau kan tiyo, har kan busasshen maiƙon da ba a kankare ba. Ustan ya zare sandar gwajin mai, ya murza man tsakanin yatsunsa biyu, yana jan zare don kauri. Ya ce man giya aka zuba, don ya danne ƙarar ƙarfe ya rage hayaƙi na ɗan lokaci. Da aka kwance kan injin, sai ga tsagewa tsakanin mazaunin bawul, an cike ta da gam.

Duk wannan asarar kuɗi ce, mutum zai yi haƙuri Allah ya mayar masa. Wanda ya fi haɗari shi ne lokacin da motar take ta gaske, ka gan ta, ka tayar da ita, ka biya, ka kai gida, alhali ta sata ce. Kowa ya san yawan motocin da aka kwashe wa mutane a Khartum da Jazira da Sinnar a cikin yaƙin nan. Tun da sojoji suka koma Madani a Janairun 2025, da Khartum a Maris na shekarar, masu dukiya suke ta komawa suna neman abinsu, da takardunsu a hannu. Ka yi tunanin ka kashe shekara kana kankare tsatsa, ka yi walda, ka gyara burki, ka sa an zana mata ado a ƙofa, rana ɗaya mai ita ya zo da 'yan sanda. Motar ta tafi, kuɗin gyara sun tafi, kai kuma ka koma bayanin yadda kayan sata suka shigo gidanka. Ga kuma haƙƙin Musulmin da aka raba da abin neman abincinsa, wanda ya fi duk wannan nauyi.

A nan Sifinja tana da wata matsala tata ta daban. Da yake kusan kowace an taɓa shasinta, an ƙara ƙarfe, an yi walda, ganin alamar wuta a jiki ba ya tayar wa kowa hankali. Da wannan suke fakewa. Za su ce maka lambar shasi ta shige ƙarƙashin ƙarfen da aka ƙara tun zamanin mai ita na farko. Kada ka yarda da baki. Ka shiga ƙarƙashin motar da tocila da burushin ƙarfe, ka nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ka goge wurin. Lambar asali tana tsufa tare da ƙarfen da ke kewaye da ita. In ka ga wurin ya yi sumul alhali gefensa duk tsatsa ce, ko ka ga sawun garanda, ko wasu lambobin sun fi wasu zurfi, ko sun karkace daga layi, ko an lafta fenti mai kauri a wannan gurbin kaɗai, to an taɓa. Lambar inji kuma, tunda yawancinsu an canza musu inji, dole wanda ke ciki ya zama shi ne a rubuce a takarda.

Hoton shahadar bahas a waya ba hujja ba ce, yaro ma zai iya gyara shi da kwamfuta. Ka ce a haɗu a ofishin murur, wato na 'yan sandan kula da ababen hawa, kai da wanda sunansa ke kan takardar, a duba ko akwai rahoton sata a kan motar, a yi canjin suna a can. In an ce mai ita ya rasu, a kawo takardar gado daga kotu da wakilcin magada. Mai gaskiya zai ɗan ji nauyin zirga-zirgar amma zai zo. Ɗan damfara kuwa a nan zai fara fushi, ya ce ba ka yarda da shi ba. Ka tafi da ustanka na amana, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, kuma ku isa da sassafe ku tayar da injin da sanyinsa, ku fara ɗora hannu a jikinsa don ku tabbatar ba a riga an ɗumama shi ba.

Ku 'yan'uwa da ke Makka da Madina da Jidda, ku suka fi nema, domin sun san ba za ku iya zuwa ba kuma riyal ɗinku yana da auki idan aka canza shi. Kada ku tura komai sai wani naku ya tsaya a gaban motar ya kira ku ta bidiyo, ya nuna muku lambar shasi yana karantawa. Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, don Allah kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana saƙonnin murya, da hotunan, da shaidar tura kuɗin mai ɗauke da lambar asusun, ya buɗe ƙara a ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya sanar da bankinsa da wuri, sannan ya gaya wa shugabannin zauren da ya ga tallar don a cire ta.