GitHub Actions ya raba ni da zaman gadin FTP

Ni nake kula da shafin shagon atamfar yayana a nan Garwa, da Hugo na gina shi, wata manhajar haɗa shafukan intanet, kuma a da duk ranar da sabon kaya ya iso sai in gina shafin a kwamfutata sannan in zauna ina tura fayil ɗaya bayan ɗaya ta FTP, wato hanyar ɗora fayiloli kan sabar shafin, ana tsakiyar turawa rezo ya faɗi ko a ɗauke kuran, rabin hotunan sun hau rabi babu, mata suna kiran Yaya wai ina farashin, shi kuma ya kira ni.

Wata uku kenan da na koma GitHub Actions, tsarin kamfanin GitHub da ke yi maka aiki da kansa a kan injinansu, kuma gaskiya alhamdulillahi. Fayil ɗaya ne na YAML, wani salon rubuta saituna, kake ajiyewa cikin .github/workflows, a ciki ka rubuta cewa duk sanda na yi push, wato na tura gyara zuwa GitHub, a tashi injin Ubuntu, a sa Hugo, a gina, a ɗora kan GitHub Pages, inda shafin yake zaune jama'a na gani. Shike nan fa. Abin da ya fi burge ni, aikin nauyin can wajensu ake yi ba a kan forfe ɗina ba, ni abin da na canza kawai nake turawa, in farashi ne ai layi biyu ne, ko rezo na jan ciki zai wuce. Kuma in ginin ya samu matsala tsohon shafin na nan daram ba a taɓa shi, jan kuros zaka gani da saƙon imel, in komai lafiya kuma koren maki. Wannan kaɗai ya ishe ni wallahi, don rabin shafi ya fi rashin shafi zubar da mutuncin shago.

Kuɗi kuwa, in ma'ajiyar fayilolinka ta GitHub a buɗe take ga kowa kyauta ne, in a rufe ce suna ba da minti 2,000 a wata, nawa ginin ko minti biyu baya kaiwa.

Sai dai sabon shiga ya yi haƙuri da YAML, baya karɓar tab sai sarari, kuma sarari ɗaya in ya goce komai ya tsaya. Bayanan kuskuren da Turanci suke fitowa, mu da muka yi karatu da Faransanci sai a hankali. Kalmar sirri kuma don Allah kar ka rubuta ta cikin fayil ɗin, akwai wajen Secrets a saituna, can ake ɓoye ta.

Jiya ina kan mashin hanyar kasuwa Yaya ya kira a sauke farashin turmi biyu, na tsaya gefen titi na gyara daga waya, kafin in ƙarasa shago gyaran ya riga ya hau.