Had-dis ɗin waje da na saya wa tsohuwar kwamfutata

Wallahi ranar da na fara jona abin nan sai da na yi da-na-sani. Kwamfutar tawa ta kwana biyu, har yanzu Windows 7 ce a kanta, cikinta ya cika maƙil da hotuna da bidiyon yara har ta fara nauyi, shi ne na ce bari in sayi had-dis na waje, wato faifan ajiyar bayanai, mai 1TB (gigabait dubu) in kwashe kayan. Kafin in biya sai da na tambayi mai sayarwa ko zai yi a tsohuwar kwamfuta, ya ce ai babu wadda ba ya shiga.

Ina zuwa na soka, 'yar fitilar ta kama, sai na ji yana ƙyat ƙyat ƙyat kamar agogon bango, amma a kwamfutar ko alamarsa babu. Na zare na mayar ya fi sau goma, na canza kafa, na kashe na kunna, shiru kake ji. Raina ya ɓaci, har na mayar da shi kwalinsa da niyyar gobe in kai masa abinsa, sai ƙanena ya ce kawo in gani, yana jonawa a tasa ya buɗe nan take. Ashe wuta ce ba ta isarsa! Kafar USB 2.0 irin ta kwamfutata wutar miliam 500 take bayarwa, ita kuwa 3.0 mai shuɗin cikin nan 900, kuma faifan da ke ciki sai ya ƙoshi da wuta kafin ya fara juyawa. Waya mai kai biyu muka samo, ɗaya na bayanai ɗaya na ƙarin wuta, shi ke nan ƙarar ta ɗauke. Wata uku yanzu bai taɓa ba ni matsala ba, ba ya zafi, gaskiya kayan mai kyau ne.

Sai dai fa saurin da aka rubuta a kwali ban gan shi ba, megabait 30 da 'yan kai a sakan yake tafiya, gigabait 120 sai da ya ci min fiye da awa ɗaya ina zaune ina kallon koren layin nan. Na san laifin kafar ne, amma da mutumin nan ya faɗa min tun farko me zai rage shi? Ga shi 931GB ya nuna maimakon 1TB, wai masu ƙera shi da dubu suke lissafi, Windows kuma da 1024. To, na yarda.

Abin da ke ci min rai har yau, kafa uku gare ni, shi kaɗai ya cinye biyu. In zan sa filash sai na cire maus.