Ciyawar da ta hana ni sakat a Kanada

Yaya salam, ya gida ya su Inna, ya zafin Gombe? Ka ce in ba ka labarin kayan feshi na nan tunda sana'arka ce, to bari in fara da abin da ke ƙofar gidana.

Akwai wata ciyawa da suke ce ma dandelion, da Mayu ya kama sanyi ya ja baya sai ka ga filin ƙofar gida ya yi ruwan ɗorawa da furenta, kwana kaɗan furen ya koma fari kamar audugar rimi iska ta kwashi irin ta watsa gidajen mutane, shi ya sa maƙwabcina wani dattijo ya zo har ƙofa cikin mutunci ya ce don Allah in cire tawa kafin ta yi iri. Ni kuma da tunanin gida na nufi wani babban kanti da ake kira Canadian Tire neman maganin kashe ciyawa 2,4-D irin wanda kake sayar wa masu masara da shinkafa, ashe a nan Ontario tun 2009 aka hana fesa shi a ciyawar gida. Wanda suka nuna min mai sinadarin ƙarfe ne, yana baƙanta ganye amma sau da yawa saiwar na nan da ranta sai ka sake fesawa, ga tsada.

Abin da ya burge ni wani ƙarfen tuge ciyawa ne na kamfanin Fiskars, dogo kamar sanda da farata a ƙasa. Kana tsaye za ka kafa shi a tsakiyar ciyawar ka taka ka karkato, sai ta fito da saiwarta doguwa kamar siririn karas tana zubar da farin ruwa kamar nono. In saiwar ta katse to wallahi za ta sake tsirowa, gara ka bari sai an yi ruwa ƙasa ta yi laushi. Ba sunkuyo ba ciwon baya, na tuna Baba da fartanya sai da raina ya sosu.

Wanda na tuge kuwa a buhun takarda na zuba motar shara ta kwashe, in da can gida ne da raguna sun samu. Kuma ganyen nan har ɗauri-ɗauri ake sayar da shi a manyan kantuna, na saya na dafa na yi kwaɗo da ragowar ƙuli-ƙulin Inna, yana da ɗaci-ɗaci amma bai kai shuwaka ba.

In zan zo da Sallah insha Allahu zan taho da ƙarfen guda ɗaya mu kai wa maƙera su duba ko za su iya ƙera irinsa.