Injin gasa burodi a gidanmu na Yamai

Duk mai sayen baget, dogon burodin nan, a Yamai ya san halinsa. Da safe in ya fito daga gidan burodi, bayansa ƙaras-ƙaras, cikinsa laushi, ƙamshi har bakin titi. Kafin la'asar ya fara tauri, in kuwa hunturu ne, washegari sai dai a jiƙa shi a shayi ko a zuba wa tumaki. Wannan asarar ce ta sa na sayi injin gasa burodi a Babbar Kasuwa, wanda masu shago ke kira grille-pain, kuma da ita nake auna shi: ya ceci burodin jiya ko bai cece shi ba? Ya cece shi, amma sai da na koyi yanka irin wanda yake so.

Nawa mai rami biyu ne, an rubuta wat 850 a ƙasansa. Yana da hannun da ake dannawa, da maɓallin murɗawa mai lamba 1 zuwa 6, da wani ƙaramin maɓalli na tsayarwa, sai ƴar tire a ƙasa da ke tare ɓurɓushi. Babu wani ƙyale-ƙyale, kuma ban ga abin da na rasa ba.

Matsalar farko ita ce ba don burodinmu aka ƙera shi ba. A Amurka aka fito da irin wannan mai cillo burodi da kansa. Charles Strite ya samu takardar mallakar ƙirarsa a 1921, kuma a 1928 aka fara sayar da burodi yankakke a jihar Missouri. Tun daga nan ramukan suka bi girman wancan burodin mai kusurwa huɗu. In kika yanka baget ƙwaya-ƙwaya kamar yadda muka saba, sai yankan ya nutse can ƙasa, injin ya cillo amma yatsa bai kai gare shi ba. A nan ne mutum ke jin kamar ya sa wuƙa ko cokali ya zaƙulo, wanda shi ne abu mafi haɗari da za a yi da wannan na'ura, domin wayoyin da ke ja a ciki tsirara suke, kuran na bi ta cikinsu. Abin da nake yi yanzu, ina yanka baget ɗin a karkace, tsawon tafin hannu, kaurin yatsa ɗaya. Haka kansa ke leƙowa waje, ga shi ya fi faɗin shafa bota. In wani ya maƙale, sai na zare waya daga bango tukuna, in jira ya huce, in ciro da tsinken itace. Ga wadda ba ta saya ba tukuna, ta nemi mai rami ɗaya dogo kuma mai faɗi. Shi ne ke ɗaukar baget da aka tsaga gida biyu.

Ɗanɗanon kuwa ya wuce yadda na zata. Taurin burodin da ya kwana ba bushewa kaɗai ba ce, sitacin cikinsa ne ke sake daskarewa bayan ya huce, zafi kuma na warware shi. Shi ya sa yankan jiya ke fitowa bayansa ja-ja-ja, cikinsa da ɗan laushi, har yara ba sa tambaya ko na yau ne. Sai dai a ci shi nan take, don in ya sake hucewa ya fi da tauri. Wanda ya kwana biyu a iskar hunturu ba shi da magani. Wanda kuma ya yi fumfuna da damina, kada a ce wuta za ta gyara shi, zubarwa za a yi. Wata dabara da ta amfane ni: burodin da na san ba za mu cinye ba, ina yanka shi tun da yamma, in ƙulle a leda, in sa a wurin ƙanƙara na firigo. Can yake ajiyuwa, ba a sashen sanyi na ƙasa ba, inda ma ya fi saurin tauri. Da safe daga ƙanƙara sai cikin inji.

Lambobin nan ba a kansu ɗaya ake zama ba. Burodin jiya lamba 2 ko 3 ta ishe shi, sabo mai danshi yana son 4. Burodi mai sukari irin wanda ake kawowa daga Nijeriya yana saurin ƙonewa, sai an rage. Zubi na biyu kuma kullum ya fi na farko duhu, saboda injin ya riga ya ɗau zafi. Ni ina tsayawa a launin zuma. Masana abinci na ba da shawarar kada a bar burodi ya yi baƙi, kuma ko ba don haka ba, ɗacinsa na ɓata shayi.

Inda ya gaza mini shi ne sauri. Yanka biyu cikin minti biyu zuwa uku, ga yara na shirin lakwal, ga maigida na duba agogo. Gida mai yawa zai ga kamar ana ɗiban ruwan rijiya da ludayi. Sai dai in fara gashi tun ruwan shayi na kan wuta, in riƙa tarawa a faranti ba tare da rufewa ba, don murfi na sa tururi ya jiƙa shi. Akwai mai rami huɗu, amma cin wutarsa kusan ninki biyu ne. Kuma kada wata ta ɗauka zai kori koko da ƙosai daga gida. Surukata ta ɗanɗana, ta ce, "Ƴar nan, da daɗi, amma haƙorana ba na wannan aikin ba ne." Na ce, "To Hajiya, bari in rage miki wuta." Yanzu nata a lamba 1 yake tsayawa, ɗumi kawai, ta tsoma a shayi mai madara. Yaran kuwa tigadege da zuma suke so a kai, kuma ya fi ƙosar da su har lokacin shan iska.

Maganar kuran dole ce a garin nan, musamman watannin zafi. Hannun injin maganaɗisun lantarki ne ke riƙe shi a ƙasa, don haka in an ɗauke wuta ba zai zauna ba ko sau nawa aka danna. Ba lalacewa ya yi ba, kada a matsa masa. Ranar da babu wuta, kaskon suya a kan gas na yin aikin, sai dai a tsaya a kansa ana juyawa. Cin wutarsa bai kai yadda ake tsoro ba: wat 850 na minti uku, ko an yi zubi goma, bai cika rabin kilowat-awa a mita ba. Amma yana jan wutar da ƙarfi a lokaci guda, shi ya sa ƙaramin sola na fitila da fanka ba ya ɗaukarsa, kuma ba na haɗa shi da butar lantarki a kan ralonj ɗaya. Kai tsaye a bango nake sa shi. Masu sayen na hannu a kasuwar Katako su juya shi su karanta ƙasansa: wutarmu volt 220 ce, wanda aka yi don Amurka 110 ko 120 ne, in aka jona shi a nan ƙonewa zai yi. Wanda ya biyo ta Kano kuma sau da yawa kan wayarsa mai ƙafa uku ne irin na Ingila, sai an nemo masa mahaɗi mai kyau, ba irin mai rawa a bango ba.

Kulawa ce ta fi ɗaukar hankalina, domin abin da ke kashe shi a Yamai ɓurɓushi ne da ƙura. Baget ya fi kowane burodi zubar da ɓawo, tiren na cika da wuri. In aka bar shi, na farko hayaƙi da warin ƙuna, na biyu kiyashi da kyankyaso su mayar da cikin injin gidansu, ɓera ma ya biyo ƙamshi ya ci waya. Ɓurɓushin da ya taru yana iya kama wuta. Bayan karin kumallo ina zare waya, in ya huce in zaro tiren in kakkaɓe, ran Asabar kuma in kifa injin a kan jarida in ɗan girgiza a hankali, ba bugawa ba, don wayoyin ciki sirara ne. Busasshen buroshi mai laushi ya isa ga bakin ramukan. Ruwa ba ya shiga cikinsa ko kaɗan. Bayansa kawai ake gogewa da tsumma mai ɗan danshi. Bota, mayonez ko cuku duk bayan gashi ake shafawa, don in suka narke a kan wayoyin ba mai fitar da su. Na ɗinka masa riga da ragowar atamfa saboda ƙurar hunturu, ina sa masa bayan ya huce sarai. Rigar nan ta raba mu da warin ƙurar da ke tashi in an kunna shi.

Abu ɗaya da har yanzu bai kwanta mini ba, jikinsa na ƙarfe ne kuma yana zafi sosai, wayarsa ga ta gajera. Na samar masa wuri a kan kanta mai tsayi, nesa da labule da ledar burodi, inda hannun autana ba ya kaiwa. Babbar ƴata kaɗai na yarje wa ta kunna, ita ma sai ina kusa. In na tashi sauyawa, mai dogon rami zan nema, wanda aka lulluɓe jikinsa da roba.