Frostpunk: Wasan Da Ke Danƙa Maka Birni, Sannan Ya Tambaye Ka Abin Da Ka Biya

Wasannin kwamfuta na gina birni suna da yawa, kuma galibinsu alkawari ɗaya suke yi wa mai wasa, wato idan ya shimfiɗa tituna yadda ya kamata, ya raba ruwa da lantarki, ya daidaita haraji, to zai wayi gari da birnin da babu mai kuka a cikinsa. Frostpunk, wanda kamfanin 11 bit studios na birnin Warso a ƙasar Polan ya fitar a watan Afrilun 2018, bai yarda da wannan alkawari ba, kuma rashin yardar tasa ce ta sa nake ganin ya cancanci a yi nazarinsa da natsuwa. Kamfanin dai shi ne ya yi This War of Mine a 2014, wasan da ya duba yaƙi ta fuskar farar hula da ke maƙale a birnin da aka yi wa ƙawanya, saboda haka ba baƙo ba ne wajen ɗora wa mai wasa nauyin da zai hana shi sakewa.

Labarin yana faruwa ne a wani ƙagaggen tarihi na wajejen 1886, bayan aman duwatsu da dusashewar hasken rana sun jefa duniya cikin sanyin da ba a taɓa gani ba. Mai wasa shi ne Kyaftin na wasu mutum 80 da suka baro Landan suka nufi arewa, inda aka kafa wani katafaren injin ɗumama mai cin kwal a cikin wani ƙaton rami. Gidaje da asibitoci da wuraren aiki duk zagaye suke yi wa injin, domin duk ginin da ya yi nisa da shi sanyi ya fi cinsa. Ana farawa da digiri 20 ƙasa da sifili, kuma lamarin ƙara muni yake yi har zuwa guguwar ƙarshe, wadda ke kaiwa digiri 150 ƙasa da sifili. Kwal da katako da ƙarfe da abinci su ne abin lissafi na kullum, amma akwai wasu ma'aunai biyu a ƙasan allo da suka fi su hatsari, ɗaya na fatan da jama'a ke da shi game da gobe, ɗaya na ƙorafinsu. Idan fata ya ƙare ko ƙorafi ya cika, jama'a za su ba Kyaftin wa'adi, in ya gaza su kore shi cikin dusar ƙanƙara.

Zuciyar wasan ita ce kundin dokoki. Daga lokaci zuwa lokaci ana ba Kyaftin damar sa hannu a kan doka guda, kuma dokar da aka sa wa hannu ba a soke ta. Ko dai a sa yara aiki saboda ƙarancin hannu, ko a gina musu matsuguni su zauna ba tare da sun ƙara wa rumbu komai ba. Ko dai a mayar da abinci romo marar kauri domin ya isa, jama'a su yi ta gunaguni, ko a cuɗa shi da garin katako ya cika ciki, wasu su kwanta ciwo. Ana iya tsawaita aiki daga awa 10 zuwa 14, ana iya kuma tilasta aikin awa 24 a jere idan kwal ya kusa ƙarewa, da sanin cewa wani na iya faɗuwa matacce a bakin aikinsa. Abin da na yaba a nan shi ne wasan ba ya gabatar da mugun zaɓi a matsayin mugunta. Kowace doka mai tsanani tana zuwa ne a daidai lokacin da take da hujja, lokacin da injin ke gab da mutuwa, marasa lafiya sun fi gadaje yawa, kuma mutum yana gaya wa kansa cewa na yau ne kawai.

Wurin da wasan ya fi nuna gwanintarsa shi ne tsakiyar labarin, lokacin da masu leƙen hanya suka gano cewa Winterhome, birnin da ake sa ran samun agaji daga gare shi, ya riga ya zama kufai. Fata ya rushe, wani rukuni ya tashi yana neman komawa Landan, sai aka buƙaci Kyaftin ya ba jama'a wata manufa da za su rayu dominta, ko ta tsari da horo, ko ta wata aƙida da wasan ya ƙirƙira. Duk hanyoyin biyu da alheri suke farawa. A hanyar tsari, matakin farko 'yan sintirin unguwa ne da taron safe, abubuwan da babu mai hankalin da zai ƙi su a garin da ake satar abinci. Daga nan sai ofishin masu gadi, sai kurkuku, sai cibiyar farfaganda, sai tilasta wa mutane rantsuwar biyayya su riƙa kai rahoton maƙwabtansu. Hanyar aƙida ma haka take hawa, daga ɗakin addu'a da ciyar da mabuƙata zuwa dakarun tsare aƙida da horon mai laifi a bainar jama'a. Kowane mataki ɗan taƙi ne idan aka gwada shi da wanda ya gabace shi, kuma kowanne yana sa lambobin allo su gyaru nan take. A ƙarshen kowace hanya akwai doka guda da ke yi wa Kyaftin alkawarin cewa matsalar fata ta ƙare har abada. Idan ya sa hannu, ana hallaka waɗanda suka yi turjiya, ana kafa dandalin kisa kusa da injin, sannan ma'aunin fata ya daskare, a maye gurbinsa da kalmar biyayya a hanyar tsari, ko ta sadaukarwa a hanyar aƙida. Birnin ya zauna lafiya, babu mai barazanar tafiya, aiki yana gudana, amma hakan ya samu ne domin an daina auna fatan da mutane ke da shi. A ganina, wannan ɗan canji a ƙasan allo shi ne amsar da wasan ya bayar ga tsohuwar tambayar ko al'umma marar aibi mai yiwuwa ce: siffarta mai yiwuwa ce, muddin shugaba ya yarda ya rufe bakin wanda zai ce masa da saura.

Ba waɗanda suka haɗa wasan ne suka ƙago wannan hawa na sannu a hankali ba. Robert Owen, wanda ya shugabanci masaƙun auduga na New Lanark a Sikotilan daga 1800, mutum ne mai kyakkyawar niyya da ya rage awannin aiki, ya daina ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 10, ya kuma buɗe makarantar ƙananan yara a 1816. Amma shi ɗin ne ya rataya wa kowane ma'aikaci ɗan katako mai launi huɗu da ke bayyana wa kowa halayyarsa ta jiya, domin tausayinsa da son gyara mutane tilas tare suke tafiya. Da ya ƙaura da shirinsa zuwa New Harmony a jihar Indiyana ta Amurka a 1825, inda ba shi da ikon mai masaƙa a kan ma'aikata, sai saɓani ya wargaza al'ummar cikin kimanin shekara biyu. Ɗaya ɓangaren kuma shi ne Kambodiya, inda 'yan gurguzu na ƙungiyar Khmer Rouge suka kwashe mutanen birnin Phnom Penh a Afrilun 1975 da sunan gina al'ummar manoma mai cikakken daidaito, kuma kafin faɗuwarsu a 1979 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar ƙasar sun mutu. Shirin da ya bar mutane da bakinsu ya watse ba tare da zubar da jini ba, wanda ya toshe bakin kuma ya daɗe fiye da shi a kan gawarwaki. Wasan yana sa mutum ya ɗanɗana dalilin da ke jan shugaba daga na farko zuwa na biyu.

Adalcin da ya kamata a yi wa Frostpunk shi ne bai ce zalunci dole ba ne. Ana iya kammala labarin ba tare da sa yara aiki ko gina kurkuku ba, ana kuma iya karɓar dukkan 'yan gudun hijirar da ke isowa gab da guguwa, har da marasa lafiyarsu. Sai dai birnin da ke fitowa daga wannan hanya ba abin ɗauka a hoto ba ne. Mutanensa suna ƙorafin sanyi, suna neman gidaje, suna zargin Kyaftin da karya alkawari, wani lokaci da gaskiyarsu, wani lokaci kuma babu, domin ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Duk da haka, a wannan birni mai hayaniya ne mutum zai so a ce shi mazauni ne.

Wasan yana da rauninsa. Bayan guguwa ta wuce, yana karanto wa mai wasa jerin abubuwan da ya aikata, idan kuma ya zurfafa cikin dokokin tsanani sai ya tambaye shi ko tsirar birnin ta cancanci abin da aka biya. Tambayar mai kyau ce, amma layin da ake cewa an ƙetare waɗanda suka haɗa wasan ne suka shata shi, kuma ba ya la'akari sosai da halin da aka sa hannu a kan dokar. Na biyu, mazauna birnin suna da sunaye da iyalai, amma ba su da zurfin da zai sa a shaƙu da su, saboda haka wanda ya haddace lokutan saukar sanyi yakan koma yin lissafi zalla, nauyin zuciyar da ke cikin zagayen farko ya ragu ƙwarai. Sauran labaran da ke cikinsa, kamar na tsare rumbunan iri da na faɗuwar Winterhome, suna rage wannan matsala amma ba sa kawar da ita. Ta fuskar zane da sauti kuwa babu abin kushewa: sawun ma'aikata a cikin dusar ƙanƙara, ƙanƙarar da ke mamaye gefen allo idan sanyi ya sauka, da kiɗan Piotr Musiał a lokacin guguwar ƙarshe, duk suna aikinsu.

Akwai wasan a kwamfuta, kuma tun 2019 ya isa PlayStation 4 da Xbox One. Wanda ake samu a wayar hannu wani kamfani ne daban ya haɗa shi, tsarinsa ma daban ne, don haka wannan nazari bai shafe shi ba. Dole mai wasa ya iya karanta Turanci ko ɗaya daga cikin harsunan da aka fassara shi, domin dokokin da koke-koken jama'a duk a rubuce suke, kuma bai dace da ƙananan yara ba saboda yanke gaɓoɓi da kisa da ke cikinsa. Frostpunk 2, wanda ya fito a Satumban 2024, ya matsar da labarin gaba da shekara 30, ya kuma kawo majalisa mai wakilai 100 da dole a nemi ƙuri'unsu kafin doka ta wuce, a tsakanin ƙungiyoyin da kowacce ke da nata hoton birnin da babu kamarsa. Wanda siyasar sasantawa ta fi burge shi zai fi jin daɗin na biyun, amma shawarata ita ce a fara da na farko, a matakin wahala na tsakiya, kuma kada a karanta dabarun cin wasan kafin zagayen farko.